Ƙwaryar Inna da Gangar Bargandi

A shekarar da na kammala karatun ƙananan halittu a Zariya na aikata wani abu da har yau nake jin nauyinsa. Na koma gida, wani ƙauye da ke gefen hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, ba nisa da Bakori, ɗauke da manyan kwanukan silba guda uku da na saya da kuɗin alawus ɗina. Na tarar da mahaifiyata ta sauke wata tsohuwar ƙwarya daga kan ragaya. Cikinta ya rine ya koma ruwan ƙasa, gefenta kuma akwai ɗinkin gyartai har wuri biyu. A cikinta take kwantar da kindirmon gidanmu tun kafin in yi wayo.

Na zaunar da ita na yi mata lacca. Na ce ƙwarya tana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, wanki ba ya kai musu, a nan ƙwayoyin cuta suke samun mafaka. Na ce silba ba ta da wannan aibi. Da yake ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana, sai ta dube ni ta ce, "To, Malam, ai kai ka yi karatun." Washegari ƙwaryar ta koma wurin zuba wa kaji dusa. Kafin damina ta fita jaki ya taka ta.

Kindirmon da ya biyo baya ba shi da laifin da za a nuna da yatsa. Fari ne, yana da tsami, yana damuwa da fura. Sai dai wata rana ya kama, wata rana ya tsinke ruwa ya hau kansa, da hunturu kuwa sai ya kwana biyu bai yi ba. Ƙanshin nan mai kama da na sabon man shanu, wanda ke tarbar mutum da zarar an ɗaga faifai, ya ɓace. Mahaifina, manomin auduga da bai taɓa barin fura a ƙoƙo ba, ya fara ragewa yana miƙa wa yara. Babu wanda ya ce da ni komai. Ni ma ban haɗa wannan da wancan ba sai bayan shekaru, a wata ƙasa mai nisa, a cikin rumfar masassaƙa.

Aiki ne ya kai ni wani ɗan gajeren horo kan sarrafa abinci a Dijon, babban birnin yankin Bargandi a gabashin Faransa. Yankin ya yi suna a duniya da giyar inabi. Ni ba na sha, kuma ban sha ba, don haka duk abin da zan faɗa game da ɗanɗanonta jin kunne ne daga masu sana'ar. Amma wata rana aka kai mu wurin da ake haɗa gangunan katako a kusa da garin Beaune, kuma abin da na gani da idona, na shaƙa da hancina, shi ne dalilin wannan rubutu.

Farar giyar da Bargandi ke alfahari da ita ana yin ta ne da wani nau'in inabi mai suna Chardonnay. Masu sana'ar da kansu sun ce wannan inabi ba shi da wani ƙaƙƙarfan ƙanshi nasa na kansa, kamar farin ƙyalle yake, abin da aka rina shi da shi shi zai nuna. Ana matse 'ya'yan, a raba ruwan da ɓawon, a zuba a gangar da aka yi da itacen ok, wata babbar bishiya ta ƙasashen sanyi. Gangar Bargandi tana cin lita 228. A cikinta yis zai cinye zaƙin ruwan, a cikinta kuma za a bar shi ya kwanta, sau da yawa kusan shekara guda, wani lokaci har wata 18.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsawon haƙurin da ke gaban wannan ganga. Itatuwan da ake sarewa sukan kai shekara 150 zuwa 200. Ɗaya daga cikin dazuzzukan da ake ji da su, Tronçais, tun a 1670 Colbert, wazirin Sarki Luwi na 14, ya sa aka tsara shi domin samar da katakon jiragen ruwan yaƙi. Zamanin jiragen katako ya wuce, dajin ya zama gadon masu ganga. Idan an sare itacen ba a yanka shi da zarto, faskara shi ake yi bisa jijiyarsa don kada ya yi yoyo. Daga nan a jera fallayen a fili, ruwa ya doke su, rana ta gasa su, iska ta ratsa su shekara biyu ko uku, har ɗacin ɗanyen itace ya fita. Sai a haɗa su da zobban ƙarfe, ba ƙusa ba gam, a kunna wuta a tsakiya ana yayyafa ruwa har katakon ya yi laushi ya lanƙwasu. Bayan ya lanƙwasu a ci gaba da gasa cikin, kaɗan ko tsaka-tsaki ko sosai, gwargwadon abin da mai saye ya nema.

Masassaƙin ya ce in sa kaina cikin wata da aka gama gasawa. Na ji ƙanshin banila, da na gasasshen burodi, da wani abu kamar kanumfari. Ba turare aka sa ba. Zafin wuta ne ya farfasa sinadaran da ke jikin itacen, suka ba da wannan ƙanshi, kuma shi ne zai tsatsa cikin abin da aka zuba. Itacen ok na Amurka ya fi ba da ƙanshin kwakwa, na Faransa ya fi sanyin hali. Ban da ƙanshi, ganga tana numfashi: iska 'yar kaɗan tana ratsa katakon a hankali, tana sassauta kaifin abin da ke ciki ba tare da ta lalata shi ba. Mataccen yis da ya kwanta a ƙasa ba a zubar da shi, akan sa sanda a motsa shi lokaci-lokaci domin ya ƙara kauri.

Sai malamin da ya rako mu ya zo kan wata gaɓa da ta sa na daina rubutu. Ya ce bayan yis ya gama nasa, akwai wasu bakteriya da ke karɓar aiki. Su ne ke juya tsamin ɗanyen ɗan itace, mai kaifi irin na tuffa, ya koma tsami mai laushi irin na nono. A cikin wannan juyi suna fitar da wani sinadari, diacetyl, wanda shi ne ƙanshin man shanu. Ya ce mai shan giyar Meursault da ke yabon ƙanshin man shanu a kofinsa, aikin dangin bakteriyar madara yake yabo.

Na san waɗannan halittu. A kansu na rubuta jarrabawa. Tun a 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa rayayyun halittu ne ke sa madara tsami. Danginsu ne ke cikin kindirmo, kuma wasunsu suna fitar da wannan sinadari dai. Ƙanshin da ya ɓace daga gidanmu yana da suna, na kuma san sunan tun ina ɗalibi. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne, a ina suke kwana?

Amsar ta zo a wani darasi na daban, kan cuku. A tsaunukan tsakiyar Faransa akwai wani cuku mai suna Salers. Dokar da ke kare sunansa ta wajabta a zuba madarar a cikin wani babban akushin katako da suke kira gerle, kuma ba a yin sa sai daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Nuwamba, lokacin da shanu ke kiwo a fili. Ba a wanke akushin da sabulu. Bincike ya nuna cewa jikin katakon yana ɗauke da wani siririn shimfiɗi na bakteriyar madara da yis, waɗanda ke sauka cikin sabuwar madara da zarar an zuba, su kama aiki. Wato ramukan da na tsorata Inna da su gaskiya ne akwai su, kuma gaskiya ne akwai masu zama a ciki. Kuskurena shi ne ban tambayi su wane ne ba. Mazaunan da suka shekara ashirin suna cin madarar safe suna tsamar da ita, yawansu da tsaminsu suna takura wa baƙi da yawa. Na kori masu gadi saboda na ga mutane a bakin ƙofa.

Da na dawo na fara kallon ƙwarya da sabon ido, sai na ga matakan nan duka muna da su, sunayensu ne kawai ba mu rubuta ba. Duma yakan yi wata da watanni yana yaɗo a kan danga ko rufin ɗaki kafin ya ƙosa. A bar shi ya bushe, a fafe, a kankare cikin. Sabuwar ƙwarya ɗaci gare ta, babu macen da za ta zuba mata madara a ranar da aka saye ta. Jiƙa ta ake yi kwanaki, a gidanmu da ƙasari, ana zubarwa ana sakewa har ɗacin ya fita, daidai da yadda ruwan sama ke wanke fallayen ok. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Hausawa, kuma ashe maganar ta wuce tafiya. Kakata takan turara sabuwar randa kafin ta zuba ruwan sha, ruwan ya riƙa ɗauke da ƙanshin hayaƙin har makonni. A Kenya, Kalenjin suna goga garwashin wani itace a cikin gora kafin su zuba madarar da za ta zama abin shansu, mursik. Wuta, itace, lokaci: mutane da ba su taɓa haɗuwa ba sun isa wuri guda.

Ƙwarya tana da wasu ayyukan ma. Jikinta ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi, shi ya sa madarar da aka dafa aka bari ta huce takan riƙe ɗuminta cikin dare, lokacin da bakteriyar ke buƙatarsa. Silba kuwa da sanyin hunturu ya taɓa ta ta miƙa wuya. Ga dalilin kindirmon da ke kwana biyu bai kama ba.

Akwai wani bambanci da ya tsaya mini a rai. Gangar ok tana ba da mafi yawan ƙanshinta a zubin farko, bayan zubi uku ko huɗu ta kusa ƙarewa, sai ta zama mazubi kawai. Ƙwarya akasin haka take. Sabuwarta ba ta da abin bayarwa sai ɗaci, tsufa ne ke ƙara mata daraja. Shi ya sa gyartai ya zama sana'a: ba don ƙwarya tana da tsada ake ɗinke ta ba, don abin da ke cikinta ba ya sayuwa a kasuwa. Na ga ɗinki biyu a jikin ta Inna na ɗauka alamar talauci ce.

Faransawa sun ɓata lokaci mai yawa suna bayyana mana wane abinci ya dace da wace giya. Game da farar da ta kwanta a ganga, ƙa'idarsu ba ta da wuyar fahimta ko ga wanda ba ya sha. Tana da kauri da maiƙo a baki, don haka abinci mai nauyi take so: gasasshiyar kaza, kifin da aka dafa da man shanu, miya mai kirim. Tsaminta yana yanke maiƙon, maiƙon yana rufe ɗacin itacen. Abinci marar nauyi takan danne shi, mai yaji sosai kuma yakan yi faɗa da ita. A taƙaice, ƙwarya ta bi ƙwarya.

Duk wadda ta taɓa dama fura ta san wannan ilimi. Kindirmo, wanda ake yi da dafaffiyar madarar da ba a cire mata mai ba, shi ne abokin dawon gero mai citta da kanumfari da ɗan barkono. Maiƙonsa yana kwantar da zafin yajin, garɗin geron yana ba tsamin abin riƙewa. Nonon da aka kaɗe aka kwashe man, musamman in ya kwana ya zama tsala, ya yi kaifi da yawa ga fura mai laushi, amma zuba shi a kan ɗumamen tuwon dawa ko dambun masara ka ji yadda yake farkar da su. A yankinmu, inda masara ta samu gindin zama tun bayan shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa a tsakiyar shekarun 1970, dambu da nono ya zama abincin masu aikin gona da rana. Mahaifina yakan ƙi sukari a kindirmon damina, ya karɓa a na rani. Na ɗauka tsirfa ce. Ashe da damina shanu na cin ɗanyar ciyawa, man ya yi rawaya, madarar ta yi garɗi. Da rani kuwa sai kara da harawa da dusa da angurya, wadda ba ta wuya a ƙasar da ke da injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, sai ɗanɗanon ya sauya. Bafaranshe zai ce ƙasa ce ke magana a cikin kofi, ya kuma sa wa maganar farashi. Mahaifina ya ji maganar, bai dai yi mata suna ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a watsar da tsabta. Abin da na koya a Zariya bai zama ƙarya ba. Ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar da ke sa su ɓari, kuma dukansu suna kama mutum. Ƙwaryar da aka wanke da ruwan kududdufi, ko aka bari ƙuda na bi, ko ta yi baƙin fumfuna, haɗari ce, tsufanta ba zai cece ta ba. Amma idan na tuna yadda Inna take yi, sai in ga ta riga ni. Tana dafa madarar har ta tafasa. Tana ɗauraye ƙwaryar da ruwan zafi, ba sabulu, ta kife ta a rana. Ba ta taɓa zuba wani abu a cikinta ban da madara, ba ta kuma ba da aronta. Cikin ludayi guda na kindirmon jiya take zubawa a matsayin iri. Da na lura da wannan da farko, da abin da zan kawo mata bai wuce tsabtataccen ruwa da kyakkyawan murfi ba.

Bambancinmu da mutanen Bargandi ba a ilimin ba ne, a abin da aka yi da shi ne. Su sun rubuta nasu, tun daga 1935 suka kafa dokar kare sunayen abin da kowace ƙasa ke fitarwa, a 2015 kuma UNESCO ta sa gonakin inabin Bargandi cikin kayan tarihin duniya. Masassaƙin ganga a can mutum ne da ake buga sunansa a jikin aikinsa. Mu kuwa, 'yan boko irina, mun dubi namu mun ga ƙauyanci. Yau a tashoshin Funtuwa da Malumfashi za ka ga nono da yawa a cikin bokitin fenti, wani ma ba daga saniya ya fito ba kai tsaye, madarar gari ce ta ƙasashen waje aka dama aka kwantar. Ba na ganin laifin matan da ke sayarwa. Roba ba ta fashewa a kan babur, madarar gari ba ta jiran damina, ga kuma abin da ya fi wannan duka: satar shanu da rashin tsaro da suka addabi Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara sun tarwatsa rugage da yawa. Bafulatanar da ta shekara talatin tana kawo mana madara, wadda muke kira Goggo, ta tashi da iyalinta dare guda. Daga wurinta Inna ta samo irin farko. Idan ruga ta tashi, ba shanu kaɗai ke tafiya ba. Ƙoren da ke kan ragaya da abin da ke zaune a cikinsu ma sun tafi, kuma babu wani ɗakin bincike da zan je in karɓo irin gidanmu.

Ina ganin akwai aiki a nan ga masu irin karatuna, kuma ba sai an tafi nesa ba, tunda cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa tana nan Shika, a kan hanyarmu ta zuwa Zariya. A tattara iri daga tsofaffin ƙore tun suna nan, a san su wane ne a ciki, a adana. A rubuta yadda ake horar da sabuwar ƙwarya da yadda ake wanke ta, daga bakin matan da suka iya. A bar mai kindirmon ƙwarya na madarar saniya ta faɗi haka a fili, ta kuma sayar da tsadar da ta dace. Mutanen da ke biyan kuɗi mai yawa a kan yogot ɗin kanti a Abuja da Kano za su biya, in an gaya musu abin da suke saya.

Ni dai na fara da abin da na ɓata. Na je gida na durƙusa na gaya wa Inna duk abin da na gani, tun daga dajin har akushin cuku. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Yanzu sai da ka je ƙasar Turawa suka gaya maka ƙwarya tana da kyau?" Na ce, "Inna, a yafe mini." Ta yi dariya ta ce ta yafe tun ranar da jaki ya taka.

A kasuwar Bakori ta zaɓo mini wata da kanta, ta ƙwanƙwasa guda shida kafin ta yarda da ɗaya. Ta jiƙa ta kwana bakwai. Irin kuwa daga wata tsohuwa a maƙwabta aka roƙo, wadda ba ta da ɗa ɗan boko. Yanzu ƙwaryar tana gidana, shekararta biyu, matata ta hana kowa taɓa ta da soso. Da Inna ta zo bikin Sallah na kawo mata kindirmon ba tare da fura ba. Ta ɗaga faifan, ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗebi rabin ludayi ta riƙe a baki na ɗan lokaci.

"Ta fara hankali," in ji ta. "Ka ba ta damina uku."